Wasan kwaikwayon da bai kamata in shirya ba

Littafin Frederick Douglass, wanda ya fito a Boston a 1845, yana da daɗin koyarwa ga malamin Ingilishi. Harshensa miƙaƙƙe ne, labarin kuma yana riƙe yara. Douglass bawa ne haifaffen Maryland a Amurka. Uwargijiyarsa Sophia Auld ta fara nuna masa baƙaƙe a Baltimore, mijinta ya hana, sai yaron ya riƙa ba 'ya'yan talakawan Turawa burodi suna biya masa karatu, har ya tsere a 1838. Littafin nan na zaɓa wa ajina a wata makarantar lise ta yankin Ƙonni, inda ɗalibai ke zuwa daga Bazaga, Malbaza, har Illela.

Da muka kai babin da aka jera bayi tare da dawaki da tumaki ana yi musu kuɗi domin rabon gado, sai na ce mu yi wasan kwaikwayonsa, don Ingilishi ya zauna a bakinsu. Na bar musu rabon matsayi. Kafin in rufe baki, aji ya ɗauki sunan wani yaro daga ƙauyukan Bazaga, ana dariya ƙasa-ƙasa, wai shi zai fito a bawa. Ya tashi, ya tsaya, aka yi masa kuɗi. Ni kuwa ina gefe ina gyara musu lafazi, har ina yaba musu.

Wani dattijon malami, ɗan yankin, shi ya ja ni gefe da yamma. Ya ce, "Ƙanena, ka san gidan da yaron nan ya fito? Su duk sun sani."

A lokacin na gane cewa bauta ta zauna mini a ka a matsayin tarihin Amurka, na gonakin auduga da jiragen ruwa, alhali a nan Ƙonni aka yi shari'ar Hadijatou Mani. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan jika 240, ta zama wahaya, wato baiwar da ubangidanta ke riƙewa kamar matarsa. Da ta samu takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida, wai ta yi aure kan aure. Sai a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta kama gwamnatin Nijar da laifin rashin kare ta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Dokar hukunta masu bautar da mutane kuwa tun 2003 take. Duk na san wannan daga rediyo, amma ban haɗa shi da yaran da ke gabana ba. Laifin nawa ne, domin ni na ba su filin faɗin abin da iyayensu ke faɗa a zaure.

Na ba yaron haƙuri mu biyu, sannan a gaban aji. Ya ce, "Ba komai, Malam." Na san da komai, don bai ƙara ɗaga hannu a darasina ba.

Ban daina koyar da Douglass ba. Yanzu nakan fara da labarin Hadijatou da aikin ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, da Hausa, kafin mu buɗe littafin. Babin rabon gado ni nake karanta shi da bakina, kowa kuma ya rubuta ra'ayinsa a takarda ba tare da sa suna ba.