Dattijo da Motarsa

Kowace Asabar da hantsi dattijon nan yakan yaye tamfol daga kan Porsche 911 ɗinsa, ƙirar 1973. Injinta a baya yake, silinda 6, kuma iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Saboda haka ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarsa. Da hannunsa yake juye baƙin mai, ya wanke fulogogi. Ba ya yarda a goge jikinta a bushe, domin ƙura kan karce fenti.

'Ya'yansa sun matsa a ɗora mata sabon inji mai lagireto. Ya ce atafau, gama tun 1998 kamfanin ya bar ƙera irin nata. Abin da ke damunsa, ganinsa ya fara raguwa, ga shi har yau cikinsu ba wanda ya durƙusa ya koyi saita bawul.