Jar Akuyar Inna

'Yar'uwa, in akwai akuya ɗaure a bayan ɗakinki, ba ni aron kunnenki.

Kuɗin da na shiga makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu da shi, daga turken Inna ya fito. 'Ya'yan jar akuyarta biyu ta ba Yaya ya kai kasuwa. Ba ta taɓa uwar ba, don kakarmu ce ta ba ta ita tun tana amarya a Kwandiko, kuma duk awakin gidanmu tsatsonta ne.

Irin nan ne da ake kira jar Sakkwato, mutanen Nijar kuma su ce jar Maraɗi. Ba ta da tsayin awakin Sahel, amma wata 5 take ɗaukar ciki, kuma sau da yawa tagwaye take zubawa. Fatarta ce fatake suka riƙa ɗauka daga Kano su ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka raɗa mata suna fatar Maroko, alhali tamu ce. A Maraɗi har cibiya guda aka kafa domin kada irin ya gurɓace. Inna ba ta san wannan tarihin ba. Ita dai ta san ba ta yarda bunsurun da ba ja ba ya kusanci turkenta.

Da hunturun bara ciwo ya shigo unguwa ta kan wata akuya da aka sayo. Majina, gyambo a baki, sai zawo. Cikin kwana 10 Inna ta rasa shida cikin tara. Ciwon da likitocin dabbobi ke kira PPR ne, kuma yana da allurar rigakafi, guda ɗaya tana kare dabba shekara 3.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. Ni da nake yini ina yi wa iyaye mata faɗa kan katin rigakafin yara, ban taɓa tambayar Inna ko an yi wa awakinta ba, alhali su ne kuɗin maganinta, su ne kayan ɗakin ƙanwata.

Ki nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku tun kafin sanyi ya sauko. Sabuwar akuya kuma ki ɗaure ta daban na mako 3. Af, nononta ki tafasa kafin yara su sha, jariri kuwa nonon uwa kawai har wata 6.

Cikin ukun da suka tsira, ɗaya tana da ciki yanzu. Inna ta ce in ta haifi mace, ta 'yata ce.