Sarkin Yawa a Filin Ƙwallo

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Duk wanda ya taɓa riƙe muƙamin malamin wasanni a makarantar sakandare ta ƙauye ba ya buƙatar a fassara masa wannan karin magana, domin kuwa kowace shekara sai ya gan ta ƙuru-ƙuru a filin ƙwallo. Ni dai na riƙe wannan muƙami a makarantu biyu: ɗaya a cikin garin Gaya, wadda ɗalibanta suka haura dubu, ɗaya kuma a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ajingi, wadda ko an haɗa da masu fashin zuwa ba su kai 150 ba. Tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai awa guda ba a kan babur, amma in aka zo gasar ƙwallon ƙafa, tazararsu kamar ta sama da ƙasa ce.

Mai karatu, bari mu yi ɗan lissafi. A ƙaddara cikin kowane yara hamsin ana samun guda mai baiwar ƙwallo. To, makaranta mai ɗalibai 1,000 tana da yara 20, wato ta cika 'yan wasa 11 har da na canji a benci. Mai ɗalibai 150 kuwa yara 3 ke gare ta, sauran takwas ɗin sai dai a cike gurbi da duk wanda ya iya gudu. Ka ga ke nan tun kafin alƙalin wasa ya busa usur, littafin rajista ya riga ya yanke hukunci.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Atisaye na sosai yana buƙatar yara 22. A Gaya, ranar zaɓen 'yan wasa fili ba ya ɗaukar masu zuwa, kuma mai lamba tara ya san akwai wani a bayansa da ke jiran ya yi sake. A ƙauye kuwa, in na sami yara 14 na gode, sai mu yi bakwai-bakwai a rabin fili, ta yadda yaro ba zai san faɗin cikakken fili ba sai ranar gasa. Ga shi zangon farko na karatu yana faɗowa daidai lokacin kaka. Ranar da mahaifin golanmu ya ce a tafi yankan dawa, ba mu da wani gola, kuma ba ni da bakin cewa uba ya bar amfanin gonarsa saboda ƙwallo. Haka nan kuɗin jesi da ƙwallaye da hayar mota, daga gudummawar iyaye suke fitowa, kuma abin da iyaye dubu za su tara ba ɗaya yake da na iyaye ɗari ba.

A gasannin da na halarta, tsarin sili-ɗaya-ƙwale ake bi. Ƙaramar makaranta ta yi wata biyu tana shiri, a haɗa ta da babba a zagayen farko, a zura mata shida ko bakwai, shi ke nan wasan bana ya ƙare. Abu biyu ke biyo baya. Na farko, yaron da ya fi kowa iyawa zai matsa wa iyayensa su mayar da shi makarantar gari, sai ƙarama ta ƙara ƙanƙancewa. Na biyu, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne ɗauko sojan haya. Na sha ganin ƙato mai gemu, wanda ya gama makaranta da daɗewa ko ma bai taɓa shiga ba, an ba shi jesi da sunan wani ɗalibi, shi kuwa mai sunan yana zaune a gefe yana kallo. Malamin da ya shirya wannan, da wane baki zai hana yaro satar amsa a ɗakin jarrabawa? Kuma wannan cuta ba a ƙauye take tsayawa ba. Ƙaryar shekaru ce ta sa hukumar FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano.

Wani zai ce ai ƙasar Ayislan, wadda mutanenta ba su kai 400,000 ba a lokacin, ta doke Ingila da ci 2-1 a gasar Turai ta 2016, har ta je gasar duniya ta 2018, inda Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya zura mata biyu. Gaskiya ne, tsari da ƙwararrun masu horarwa suna rage tazara. Sai dai abin da ya sa duniya ba ta manta da labarin ba shi ne irinsa ba ya yawan faruwa, kuma ba a gina gasar yara a kan abin mamaki.

Ita ma babbar makarantar tana da nata ciwon. Cikin yara dubu, 18 ne kawai ke sa jesi, sauran 'yan kallo ne har su gama. A ƙauye kuwa kusan kowane yaro yana taɓa ƙwallo. Ashe dai tsarin kowa yake cuta.

Wasu sun daɗe da gano bakin zaren. A jihar Teksas ta Amurka, ana raba makarantun sakandare rukuni shida bisa yawan ɗalibai, ana kuma sake ƙirga duk bayan shekara biyu. A irin ƙwallonsu da ake runguma a hannu, makarantun da suka fi ƙanƙanta mutum shida-shida suke bugawa, salon da wani malami mai suna Stephen Epler ya ƙirƙiro a jihar Nebraska a 1934 saboda makarantun karkara. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A dandalin kokawa, dattawa ba sa bari a haɗa yaro da ƙato. Sa'a da sa'a ake haɗawa.

Don haka shawarata ga shugabannin makarantu da jami'an ilimi na shiyyarmu ita ce a raba makarantun Gaya da Ajingi da Albasu rukuni biyu ko uku bisa rajista. Ƙanana su riƙa buga bakwai-bakwai, ko a yarda makarantu biyu maƙwabta su haɗa ƙungiya ɗaya. Manya a wajabta musu kawo ƙungiya biyu. A bar sili-ɗaya-ƙwale sai zagayen ƙarshe, kowa ya kara da kowa a rukuninsa, kuma kafin a take ƙwallo a duba kowane ɗan wasa da littafin rajista da hotonsa. Duk wannan ba ya cin wani kuɗi mai yawa, zama ɗaya ne da takarda da biro.

Yaron ƙauye bai ce a ba shi kofi kyauta ba. Abin da yake nema shi ne ya shiga fili da sa'ansa, ya buga fiye da wasa ɗaya a shekara, in ya ci ya san guminsa ne, in an ci shi ya koma gida da sa ran gobe.