Fim Ɗin Indiya Da Man Bilicin

Wata budurwa a Kano ta taso da kallon finafinan Indiya, inda galibi jaruma fara ce sol, mai duhun fata kuwa sai dai ya fito a mugu ko ɗan aike. Da ta ga Shah Rukh Khan yana tallan man ƙara haske, sai ta ce ashe fari ne kyau. Ta kwashe kuɗin adashinta ta sayi wani haɗi marar suna a kasuwa. Yanzu ga ƙuna a kumatu, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. A 2020, bayan an yi masa ca, kamfanin Unilever ya cire kalmar "Fair" daga sunan Fair & Lovely. Ita kuwa har yau tana neman maganin fatarta. 'Yan kallo, a kula!