Kalmar da nake nema a takardar magani

'Yan'uwana iyaye mata, akwai wata kalmar Turanci da nake so kowaccenmu ta riƙe, ko da karatun bokonta bai yi nisa ba. Kalmar ita ce "adversely", ma'anarta kuwa "ta hanyar da ke cutarwa".

A nan Kusugu, cikin garin Daura, da yawanmu kemis muke fara aikawa idan jikin yaro ya yi zafi. A kawo magani, mu zaro kwalba, takardar da ke cikin kwalin kuma ta tafi shara. Alhali a jikinta kamfani yake faɗin illar maganin, sai dai da lafazi mai laushi.

Kalmar ba ta cika tafiya ita kaɗai ba, yawanci tana tare da "affect". Ita "affect" tana nufin yin tasiri, mai kyau ko marar kyau. Da zarar an sa mata "adversely", tasirin ya zama na cutarwa. Idan kika ga "may adversely affect the liver", ana gaya miki maganin zai iya yi wa hanta lahani. Ƙanwarta ita ce "adverse", kamar a "adverse reactions", wato illolin da ka iya biyo bayan shan magani.

Abin ba na wasa ba ne. Farasitamol da muke ɗauka ba komai ba, idan ya wuce ƙima yana lalata hanta. Kafso ɗin nan mai ja da rawaya, tetracycline, da wasu ke farkewa su zuba wa yaro a koko lokacin haƙori, yana rina haƙoran yaran da ba su kai shekara 8 ba, kuma rinin ba ya fita. Asfirin ma likitoci sun hana a bai wa ƙananan yara sai da umarninsu.

Ni dai yanzu kafin cokali ya kai bakin 'yata, sai na bi takardar da yatsa. In na ci karo da kalmar, in ɗauki hotonta da waya in tura wa ƙanwata ma'aikaciyar jinya. Wadda ba ta da mai duba mata, ta tambayi mai kemis: "Malam, me wannan layin yake cewa?" Haƙƙinki ne ya yi miki bayani.

In kuma yaro ya sha magani kika ga ƙuraje, kumburin fuska ko numfashi sama-sama, ki dakatar, ki garzaya asibiti da kwalbar da takardar a hannu.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.