Ɗigon Da Muka Toshe

A gidanmu da ke Damba, a gefen Gusau, tun muna ƙanana aka koya mana cewa ba a wasa da ruwa. Motar tanka ce ke cika tankin da ke saman gida, kuma kuɗi Baba ke biya. Idan ruwan ya ƙare kafin lokacinsa, mu uku ne za mu fita neman 'yan ga-ruwa, ko mu ɗauki jarkoki da kanmu. Shi ya sa ba ma iya wuce famfon da ke ɗiga ba mu tsaya ba.

A hunturun bara, da sanyi ya tsananta, Baba ya sa aka kafa hita a banɗakin Kaka, don gwiwoyinta sun daina jure alwalar Asuba da ruwan sanyi. Irin farar tukunyar nan ce da ake maƙalawa a bango, mai cin lita 30. Kwana biyu da kafa ta muka lura da wani ɗan bawul a ƙarƙashinta. Duk lokacin da aka kawo wuta ta fara ɗumama ruwa, sai ya riƙa ɗiga, ɗis, ɗis. Muka yi shawara a tsakaninmu, muka yanke cewa mai aikin ne bai ɗaure shi da kyau ba. Muka fiƙe ɗan itace muka cusa a bakinsa, muka naɗe da robar tayar keke. Ɗigo ya tsaya, mu kuwa muna jin mun yi abin kirki. Ba mu gaya wa kowa ba.

A dare na huɗu aka kawo wuta wajen ƙarfe 2. Can sai muka ji ƙara kamar taya ta fashe. Tiyon da ke fitowa daga hitar ne ya yage, ruwan zafi na feshi har bakin ƙofa, banɗaki ya cika da tururi. Sai da Baba ya kashe wutar gidan gaba ɗaya sannan ya shiga. Da a ce abin ya ƙara awa uku, da Kaka na tsugune a wurin tana alwala.

Da safe mai gyaran famfo ya zo. Ya zare itacen, ya ɗaga shi ya ce, "Alhaji, wa ya yi wannan aikin?" Muka sunkuyar da kai. Bai yi mana faɗa ba, ya dai ce, "Ku matso, yara, ku gani." Ya nuna mana cewa bawul ɗin aiki biyu yake yi: yana hana ruwan da ya shiga hita komawa tanki, kuma idan ruwa ya yi zafi ya kumbura, yana buɗewa ya fitar da rarar. Mu hanyar fitar muka toshe. Sa'armu, in ji shi, tiyo ne ya fara gajiya kafin tukunyar.

Ranar Litinin muka kai wa malaminmu na fiziks labarin, ya mayar da shi darasi. Lita 30 na ruwa, idan zafinsa ya tashi daga digiri 20 zuwa 60, yana ƙaruwa da kusan rabin lita, kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan kuma na'urar da ke yanke wuta ta lalace ruwan ya wuce tafasa, to tururi yana neman wurin da ya ninka na ruwa fiye da sau 1,600. Saboda wannan haɗarin ne Denis Papin, Bafaranshen da ya ƙera tukunyar dafuwa mai matsi a Landan a 1679, ya sa mata bawul.

Malam ya ce a Ingila, inda tukunya guda ke tura ruwan zafi cikin bututu don ɗumama ɗakunan gida, masu gida suna duba agogon matsi a kai a kai. Ana so allurarsa ta tsaya tsakanin 1 da 1.5 a ma'aunin da ake kira "bar" idan ruwan ya huce. In ta sauka ƙasa da 1 sai a ƙara ruwa, in ta kai 3 bawul zai buɗe da kansa. Bar 1 kuwa daidai yake da matsin ruwan da ke tsaye mita 10, wato tankinmu mai tsayin mita 5 rabinsa yake bayarwa.

Ga abin da muka riƙe, ko zai amfani masu hita a gida ko a makarantar kwana. Ɗigo lokacin da ruwa ke ɗumi ba lalacewa ba ce. Idan kuwa ruwa na zuba ba tsayawa, ko da hita a kashe, a kashe wutarta a kira mai gyara. Kada a toshe.

Kuɗin sabon tiyo daga kuɗin tararmu Baba ya cire, sati biyu cur. Yanzu akwai ƙaramin bokiti a ƙarƙashin bawul ɗin, kullum da safe ɗayanmu zai juye shi a gindin zogalen Umma. Kaka kuwa ta ajiye itacen a kan tagarta. In ta gan mu sai ta ɗaga shi ta ce, "Ga 'yan tattalin ruwa, saura ƙiris ku dafa ni."