Murfin Baya Ya Fi Fuska Faɗin Gaskiya



Da yawanmu mun taso muna ganin Seiko 5 ko Rado a hannun iyayenmu. Yanzu da muka fara riƙe 'yan kuɗinmu, sha'awar tsohon agogo ta kama mu, ga shi kuma kasuwa cike take da jabu da haɗe-haɗe: fuskar wannan, injin wancan. Mutum ya tara kuɗin wata uku, ya kwashe su a kan abin da aka yi wa fenti jiya.

Abin da zama wurin masu gyaran agogo ya koya mana shi ne, fuska ce ta fi saurin yaudara. Agogon da aka ce ya shekara arba'in amma fuskarsa tana ƙyalli ba ko tabo, kyan ɗan maciji ne. Akwai masu sake fentin tsofaffin Seiko, musamman a Indiya, su fito da su da launukan da kamfanin bai taɓa yi ba.

Don haka mukan fara da juya shi. A murfin bayan Seiko akwai lamba mai nuna lokacin ƙira: ta farko shekara, ta biyu wata, inda O, N da D ke nufin Oktoba, Nuwamba da Disamba. Akwai kuma lambar inji, kamar 7009 ko 7S26. Wannan lambar dole ta zo ɗaya a wuri uku: a murfi, a ƙananan rubutun da ke ƙasan ƙarfe shida, da jikin injin kansa idan mai gyara ya buɗe. Injin 7S26 ya fito ne a 1996, saboda haka duk mai rantse mana cewa nasa na 1980 ne, lambar ta riga ta ƙaryata shi. Sai mu dubi allurar daƙiƙa: Seiko 5 mai injin 7009 ko 7S26 ba ya amfani da batir, tafiyarta a sulale take. In tana tsalle ɗaya-ɗaya, an sauya cikinsa.

Mai sayarwar da ya hana a buɗe, mu yi masa godiya mu wuce.

Mu da ke koyon rubutu, haka mai karatu yake juya labarinmu. In mun ce a Kano ta 1975 ake, to kuɗin da ke aljihun jarumi, da motar da ya hau, da kalmomin bakinsa, su yarda da juna. Bango mai kyau ba ya rufe wannan.

Wane agogo kuka gada a gida? Ku juya shi, ku faɗa mana abin da kuka gani.